Darasi: Lambar da Ta Gagari Rabawa, 2,147,483,647

Manufofin darasi

Idan kuka kammala wannan darasi, ana so ku iya:

1. bambanta lamba gagara-raba da lamba mai rabuwa;
2. gwada lamba da kanku, ku kuma san inda gwaji ya kamata ya tsaya;
3. karanta 2,147,483,647 da baki, ku bayyana yadda aka gina ta;
4. faɗin rukunonin da take ciki da waɗanda ba ta ciki, kowanne da dalilinsa.

Ku tanadi fensir da takarda. Kalkuletar da ke cikin wayarku ma za ta yi amfani.

1. Rabon da ba ya barin saura

A ce an kawo goro 30 wurin suna. Idan mutum biyu za a raba wa, kowa ya sami 15. Idan mutum biyar ne, kowa shida. Haka za a raba wa mutum 3, ko 6, ko 10, ko 15, ba rigima, ba a fasa ko ɗaya ba.

To, sai wani ya ƙara goro ɗaya, ya zama 31. Ku raba wa mutum biyu: saura ɗaya. Mutum uku: saura ɗaya. Mutum huɗu: saura uku. Ku yi ta gwadawa har mutum talatin, ba za ku taɓa tashi babu saura ba. Hanya biyu kawai ta rage: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a sami mutum 31 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai.

> AKWATIN MA'ANA (1)
> Mai-rabawa: lambar da take raba wata lamba daidai, babu saura. Misali, 5 mai-rabawa ce ta 30.
> Lamba gagara-raba: lambar da ta fi 1, wadda masu-rabawarta biyu ne kawai, wato 1 da ita kanta. A wasu littattafan makaranta ana ce mata firam.
> Lamba mai rabuwa: lambar da take da masu-rabawa fiye da biyu, kamar 30.
> Cika da mara: cika ita ce lambar da 2 take raba ta, mara ita ce wadda take barin saura ɗaya.

Ga gagara-raba da ke ƙasa da 50: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47. Ku lura da abu biyu. Ba a sa 1 a ciki ba, don mai-rabawarta ɗaya ce tak. Sannan 2 ce kaɗai cika a cikinsu, domin duk wata cika da ta fi ta, 2 na raba ta.

Me ya sa masana lissafi suka damu da waɗannan lambobi? Saboda su ne tubalin da aka gina sauran lambobi da shi. Kowace lamba mai rabuwa, idan aka yi ta farfasa ta, a kan gagara-raba take tsayawa, kuma hanya ɗaya ce tak. 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5. Ko kun fara da 6 × 10, ko da 4 × 15, nan za ku ƙare.

Kuma ba su da iyaka. Iƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujjar haka. Ku ɗauki gagara-raba ko nawa ne, ku ninka su da juna, ku ƙara 1. Misali, 2 × 3 × 5 + 1 = 31. Babu ɗaya daga cikin 2, 3 da 5 da zai raba amsar, kullum saura ɗaya. Ke nan dole akwai wata gagara-raba da ba ta cikin waɗanda kuka ɗauka. A yi hattara: amsar kanta ba lallai ta zama gagara-raba ba. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 = 30,031, ita kuwa 59 × 509 ce. Amma 59 da 509 ai sababbi ne, ba su cikin jerin farko, don haka hujjar tana nan daram.

2. Gwaji, da inda yake tsayawa

*Misali na 1.* Manomi yana da dashen mangwaro 91, yana so ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Zai yiwu? 91 mara ce, 2 ta fita. Jimillar alƙalumanta 9 + 1 = 10, wanda 3 ba ta raba shi, don haka 3 ta fita. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ta fita. Sai 7: 7 × 13 = 91. Zai yi layi bakwai, kowanne itace 13. Mutane da yawa suna ganin 91 su ce gagara-raba ce, don ta yi musu kama da ita. A wannan fage ido ba shaida ba ne, sai an gwada.

*Misali na 2.* Maƙwabcinsa yana da 97. An gwada 2, 3, 5 da 7, duk da saura. Sai a ci gaba har 96? A'a, nan aikin ya ƙare. Dalili kuwa, masu-rabawa bibbiyu suke zuwa, ƙarama da babba. Ku dubi 36: 2 × 18, 3 × 12, 4 × 9, 6 × 6. Daga 6 × 6 sai maimaici, sai dai a juya su. To, gagara-raba da ke bin 7 ita ce 11, kuma 11 × 11 = 121, ya wuce 97. Da akwai babbar mai-rabawa, da mun riga mun ci karo da ƙaramar abokiyarta. Saboda haka 97 gagara-raba ce.

> AKWATIN MA'ANA (2)
> Murabba'i: amsar lamba idan aka ninka ta da kanta: 1, 4, 9, 16, 25, 36...
> Tushe: lambar da aka ninka da kanta aka sami murabba'in. Tushen 36 shi ne 6.
> Ƙa'idar gwaji: a gwada gagara-raba kawai, a tsaya a tushen lambar.

Wani malamin lissafi na Marrakesh a ƙasar Maroko, Ibn al-Banna, wanda ya rasu a 1321, yana cikin waɗanda suka rubuta wannan dabara ta tsayawa a tushe. Ku riƙe ta da kyau, za mu nemi taimakonta nan gaba kaɗan.

3. Lambar da muka zo dominta

2,147,483,647. Alƙaluma goma ne. Ana karanta ta haka: biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Wanda zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara 68 yana yi.

Da ganinta za a ce alƙaluma ne aka watsa kara-zube. Ba haka ba ne, gininta mai sauƙi ne ƙwarai.

*Misali na 3.* Wata mata ta buɗe asusu ran 1 ga Janairu. Ranar farko ta jefa naira 1. Rana ta biyu naira 2, ta uku naira 4, ta huɗu naira 8, kullum ninkin na jiya. Ga abin da ke cikin asusun a ƙarshen kowace rana:

- rana ta 2: ₦3
- rana ta 3: ₦7
- rana ta 4: ₦15
- rana ta 5: ₦31
- rana ta 6: ₦63
- rana ta 7: ₦127
- rana ta 10: ₦1,023
- rana ta 20: ₦1,048,575

Ran 31 ga wata, zubin ranar kaɗai ₦1,073,741,824 ne, jimillar asusun kuwa ₦2,147,483,647. Ga lambarmu ta fito.

Ku ƙara duban jerin. 3 ita ce 4 ba ɗaya, 7 ita ce 8 ba ɗaya, 15 ita ce 16 ba ɗaya. Kullum abin da ke cikin asusu zubin gobe ne ba naira ɗaya.

> AKWATIN MA'ANA (3)
> Hawa: yawan lokutan da aka jera lamba ana ninka ta da kanta. 2 × 2 × 2 × 2 × 2 ana rubuta ta 2⁵, ana karantawa "biyu hawa biyar", amsarta 32.
> Lambar Mersenne: biyu hawa wani abu, a cire ɗaya. 2⁵ − 1 = 31. Lambarmu ita ce 2³¹ − 1.

4. Gidan Mersenne

Marin Mersenne malamin addinin Kirista ne ɗan Faransa, ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Tambayar da ta ɗauki sunansa ita ce: a wace rana ce kuɗin asusun nan yake zama gagara-raba?

Rabin amsar kuna iya gano ta da kanku. Ku ɗauki rana ta shida: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 + 32. Ku haɗa ranakun bibbiyu: (1 + 2) + (4 + 8) + (16 + 32), wato 3 + 12 + 48. Kowane kashi 3 na raba shi, don haka 3 na raba 63. Ku haɗa su uku-uku: 7 + 56, ga 7 ma tana raba ta. Duk lokacin da ranakun suka kasu kashi-kashi daidai, kuɗin ma zai rabu. Ashe sai hawan ya zama gagara-raba kafin a sa ran komai.

Ɗaya rabin shi ne mai wuya, domin hawan ya zama gagara-raba bai wadatar ba. 2, 3, 5 da 7 sun ba da 3, 7, 31 da 127, duk gagara-raba. Sai 11 ta karya tsarin: 2¹¹ − 1 = 2,047, ita kuwa 23 × 89 ce. Ku buga a kalkuleta ku gani.

A 1588 wani ɗan Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar da hawa 17 da hawa 19, wato 131,071 da 524,287. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin hawan da ya ce su ne ke ba da gagara-raba har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Daga baya aka gano 67 da 257 ba su cancanta ba, kuma ya tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 wani Ba'amurke, Frank Nelson Cole, ya fito da lambobi biyun da suke raba 2⁶⁷ − 1. A kan 31 dai Mersenne ya dace. Amma a lissafi dacewa ba ta zama shaida, komai girman malamin da ya faɗa. Shekara 128 aka yi kafin a sami wanda ya tabbatar.

5. Yadda Euler ya rage aikin

Leonhard Euler haifaffen Basel ne a ƙasar Suwizalan, a 1707. A 1772, yana zaune a St. Petersburg ta Rasha, idanunsa sun riga sun tafi, ya rubuta a wata wasiƙa cewa ya tabbatar 2,147,483,647 gagara-raba ce. Babu kwamfuta, babu kalkuleta. A ganina wannan sashe ne ya fi cancantar ku tsaya a kansa, domin abin da Euler ya yi ba ƙarfin haƙuri ba ne kawai. Tunani ya yi har aikin ya ragu ya dawo abin da ɗan'adam zai iya.

Mu bi shi mataki-mataki. Wanda bai san komai ba zai ce sai an gwada lambobi sama da biliyan biyu. Wanda ya san ƙa'idar tushe zai tsaya a 46,340, domin 46,341 × 46,341 ya riga ya wuce lambarmu. Wanda ya tuna cewa gagara-raba kawai ake gwadawa, aikinsa ya dawo kusan rabawa 4,800. Da sauran nauyi, amma daga biliyan biyu zuwa nan an yi nisa.

Sai dabarar da ta shafi gidan Mersenne kaɗai, wadda Pierre de Fermat ya fara hangowa. Ku koma kan 2,047. Hawanta 11, ninkinsa 22. Masu raba ta su ne 23 da 89. To, 23 ita ce 22 + 1, 89 kuma 22 × 4 + 1. Wannan ba katari ba ne, doka ce: idan hawan gagara-raba ne da ya fi 2, duk abin da zai raba lambar Mersenne, in aka raba shi da ninkin hawan, saura ɗaya zai bari. Ga lambarmu hawa 31 ne, ninkinsa 62. Ke nan babu buƙatar gwada 3, ko 7, ko 11, ko 59. Waɗanda ake tuhuma su ne 63, 125, 187, 249, 311, haka-haka, ana ƙara 62.

Euler ya ƙara wata doka a kai: dole mai-rabawar ta bar saura 1 ko 7 idan aka raba ta da 8. Wannan ya zubar da rabin waɗanda suka rage. Abin da ya saura bai kai 400 ba, kuma da yawa cikinsu masu rabuwa ne, kamar 63 da 249, ba sai an taɓa su ba. Aka gwada sauran, babu wadda ta raba ta.

6. Wane rukuni take, wane ne ba ta ciki?

Masana sun kasa gagara-raba rukuni-rukuni, kuma lamba ɗaya tana iya shiga rukuni da yawa. Abin daɗin shi ne, duk girman lambarmu, yawancin waɗannan tambayoyi fensir ya ishe ku amsa su.

*Gidan Mersenne.* Ita ce ta takwas, bayan na hawa 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19.

*Mersenne riɓi biyu.* Hawanta, 31, shi kansa ɗan gidan ne, tunda 2⁵ − 1 ne. Gagara-raba irin wannan huɗu kawai aka sani: 7, da 127, da lambarmu, da 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da hannu a 1876.

*Tagwaye.*

> AKWATIN MA'ANA (4)
> Tagwaye: gagara-raba biyu da tazarar 2 kawai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 29 da 31.

Lambarmu tana da abokiyar tagwaitaka? Ku cire 2: 2,147,483,645, ta ƙare da 5, don haka 5 na raba ta. Ku ƙara 2: 2,147,483,649. Ku tara alƙalumanta: 2 + 1 + 4 + 7 + 4 + 8 + 3 + 6 + 4 + 9 = 48, wanda 3 ke rabawa, don haka 3 na raba lambar. Ba ta da tagwai ta kowane ɓangare. Ko tagwaye suna da iyaka ko ba su da ita, har yau babu wanda ya kawo hujja.

*Rukunin Sophie Germain.* An sa masa sunan wata masaniyar lissafi 'yar Faransa. Sharaɗin shiga shi ne a ninka lambar biyu a ƙara 1, a sake samun gagara-raba, kamar 11 da ke ba da 23. Tamu tana ba da 4,294,967,295. Alƙalamin ƙarshe kaɗai ya isa amsa.

*Saura 1 ko saura 3.* Duk gagara-raba ban da 2, idan aka raba ta da 4, saura 1 take bari ko 3. Don gane na babbar lamba, alƙaluma biyun ƙarshe kawai ake dubawa. Namu 47 ne, wato 44 da 3. Tana rukunin saura 3.

*Misali na 4.* Mai ɗaura tayil yana da tayil 13. Zai iya shimfiɗa su fili biyu, kowanne tsawonsa daidai da faɗinsa: 2 × 2 da 3 × 3, wato 4 + 9. Da 29 ma zai iya, 4 + 25. Da 31 fa? Ku gwada, ba zai yiwu ba. Kowane murabba'i, in an raba shi da 4, saura 0 yake bari ko 1. Ku haɗa biyu, za ku sami 0, ko 1, ko 2, ba dai 3 ba. Saboda haka ko an ba shi tayil 2,147,483,647, ba zai fitar da irin waɗannan filaye biyu cif ba, kuma mun san haka ba tare da mun gwada ko sau ɗaya ba. Su kuwa gagara-raba masu saura 1, kowaccensu tana yiwuwa. Fermat ne ya faɗi haka a 1640, Euler ya tabbatar.

7. Inda ake cin karo da ita

Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga. Manhajoji da yawa suna ware wa lamba gurbi 32, ɗaya na nuna ko lambar ta riba ce ko ta bashi, saura 31. Darajar guraben ita ce 1, 2, 4, 8, daidai da zubin asusun nan. In duk suka cika, 2,147,483,647 ke nan, babu wurin ƙari. Akwai na'urorin da suke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgarsu za ta cika ran 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Shi ya sa ake mayar da manhajoji zuwa gurbi 64. Kasancewar wannan iyaka gagara-raba dacewa ce kawai. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151.

Inda ake neman gagara-raba don kanta shi ne wajen kulle saƙo, irin wanda ke tsare hulɗar banki ta intanet. Tsarin RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977, a kan abu ɗaya ya dogara: ninka 23 da 89 abu ne mai sauƙi, amma a ba mutum 2,047 a ce ya nemo su, sai ya yi gumi. A can ana amfani da gagara-raba masu ɗaruruwan alƙaluma. Lambarmu ta yi ƙanƙanta da wannan aiki, wayar hannu ma za ta gama gwada ta kafin ƙiftawar ido.

Farautar manyan 'yan gidan Mersenne kuwa ba ta tsaya ba. Tun 1996 masu sa kai a faɗin duniya suke haɗa kwamfutocinsu a wani shiri mai suna GIMPS. A watan Oktoba na 2024 Luke Durant ya gano biyu hawa 136,279,841 ba ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a gidan. In shafi ɗaya yana ɗaukar alƙaluma 3,000, rubuta ta zai ci shafi sama da 13,000.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominku, mene ne bambancin lamba gagara-raba da lamba mai rabuwa? Me ya sa ba a sa 1 cikin gagara-raba?
2. Ƙungiyar manoma ta sami buhun taki 87. Za a iya raba wa mutum fiye da ɗaya daidai, kowa ya sami fiye da buhu ɗaya? Idan 89 ne fa?
3. Ku farfasa 84 da 210 zuwa gagara-raba.
4. Kuna so ku gwada 143 da 149. A wace lamba gwajin zai tsaya? Wace ce gagara-raba a cikinsu?
5. A misalin asusu, nawa ne a ciki ran 9 ga wata? Ku haɗa ranakun uku-uku, ku nuna lambar da take raba jimillar.
6. 2¹³ − 1 = 8,191. Ninkin hawanta 26 ne, tushenta kuma bai kai 91 ba. Waɗanne lambobi ne kawai ake tuhuma? Ku gwada su, ku faɗi sakamakon.
7. Ku kawo tagwaye uku da ke tsakanin 40 da 80.
8. Cikin 37, 43, 53 da 127, waɗanne ne za a iya rubutawa a matsayin murabba'i biyu a haɗe? Ku rubuta su.
9. Ku faɗi rukuni biyu da 2,147,483,647 take ciki, da biyu da ba ta ciki, kowanne da dalilinsa.